Awa Ɗaya da Minti Goma

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana korar tsuntsaye. In na faɗi haka mutane sukan yi dariya, su zaci gonar wani yake gadi. A filin jirgin saman garinmu yake aiki, can ƙarshen titin da jirgi ke sauka, inda babu inuwa sai ta motarsa. Kafin jirgi ya sauka ko ya tashi, shi ne zai tabbatar babu belbela ko shirwa ko hankaka a hanya, don tsuntsu guda in ya faɗa cikin inji yana iya jawo abin da ba a fata. Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai tsohuwar a-kori-kura mai jiniya, da oba-oba da yake magana da mutanen hasumiya, da wata bindiga wadda ba ta kashe komai, ƙara kawai take yi, sai bulalar da ya tufka da hannunsa. Yakan ce tsuntsayen sun saba da jiniya har sun raina ta, amma bulala har gobe suna ganin girmanta. Abokan aikinsa suka sa masa Sarkin Belbela, da tafiya ta yi tafiya suka yanke, ya koma Sarki kawai.

Ya san aikinsa. Shi ya hana a riƙa aske ciyawar gefen titi ƙwal, ya ce a bar ta ta kai taƙi guda, domin tsuntsu ba ya son sauka inda ba zai hango abin da ke tahowa ba. Ranar da aka yi ruwan farko shinge ya fito, mun san ba za mu ga Baba ba sai magariba, ya dawo murya a dishe, takalmi duk taɓo.

Jirgin fasinja ɗaya ne ke zuwa mana daga babban birni, safe da yamma. Tun ban san harafi ba na haddace lissafinsa, don kullum a bakin Baba yake: kilomita ɗari bakwai da tamanin, awa ɗaya da minti goma. A mota kuwa kwana biyu ne, saboda hanyar sai ta kewaye duwatsu ta je neman gada, ga ramuka, ga kwana a hanya. Da wannan awa ɗaya da minti goman yake auna komai a gidanmu. In Inna ta daɗe a kicin sai ya leƙa ya ce, "Wannan girki naki, ai jirgi ya je birni ya juyo."

"To ka je su ba ka na jirgin," in ji ta. "Kai da ko ƙofarsa ba ka taɓa shiga ba."

Gaskiyarta ce. Duk shekarun nan bai taɓa hawa ba.

Mu huɗu ne a wurinsa. Yaya ne babba, mata biyu a tsakiya, ni ce auta, shekara goma sha shida tsakanina da shi. Ni ce kuma ke ajiye hotuna da takardun gida da ranakun haihuwa da na rasuwa, a cikin tsohuwar jakata ta makaranta. Don haka abin da ban gani da idona ba, na tambaya na rubuta.

Yaya yana ɗan shekara tara wata shirwa ta kuɓuce wa Baba, ta shiga injin jirgi yana shirin tashi. Allah ya kiyaye, matuƙin ya taka birki, ba wanda ya ji ciwo. Washegari Baba ya ɗora Yaya a keke ya kai shi ya ga injin. Nufinsa yaron ya san aikin ubansa ba wasa ba ne, don 'yan ajinsu sun matsa masa da ɗan mai korar kaji. Yaya ya leƙa ya ga gashin tsuntsu da jini da ƙarfe a lanƙwashe, nan take ya yi amai. Inna ta ce mako guda ya yi yana firgita cikin barci.

Ya girma, ya yi karatun injinan sanyi, wani kamfani ya ɗauke shi aiki a babban birni. Ana saura mako bikin yayata ta biyu ya bugo ya ce hutun da aka ba shi ba zai isa ba, kwana biyu zuwa, kwana biyu komawa. Baba ya ce, "Ka hau jirgi mana. Ni zan share maka hanya da kaina."

Sai Yaya ya ce, "Baba, ba na iyawa. Tun wancan injin."

Baba bai ƙara tayar da maganar ba. Daga ranar shi ya zama lauyan Yaya. Duk wanda ya ce ɗanka ya guji gida, sai ya ce, "Ba laifinsa ba ne, ni na tsorata shi yana ƙarami." Lokacin auren Yaya ma damina ce, ba a ba Baba hutu ba, Inna da Goggo suka tafi a mota. Matar ba ta taɓa zuwa garinmu ba. Gaisuwar waya ce tsakaninta da Baba, shi Yaya ke miƙa mata wayar, shi ke karɓa.

Ina da shekara goma sha shida Inna ta faɗi a bakin famfo, wata Litinin da sassafe. Ni na kira Yaya daga barandar asibiti, ƙarfe bakwai da 'yan mintoci. Na ce likita ya ce a kira 'ya'yanta. Ya ce ga shi nan, yanzu zai nufi tasha.

Asibitin yana ƙarƙashin hanyar jirgi. Duk sanda ya wuce sai gilashin taga ya yi rawa, Inna ta buɗe ido. Bakinta ya karkace amma ana jin maganarta. Ranar Talata da safe ta ce, "Da yana iya hawa, da tuni ya iso." Ba ta ce laifin kowa ba ne. Ta dai dubi Baba, shi kuma ya dubi ƙasa. Bayan la'asar ta cika. Yaya ya iso Laraba da hantsi, ƙura har gashin ido, ya tarar an riga an kai ta. Ya faɗi a tsakar gida yana kuka, Baba ya ɗaga shi yana cewa, "Ni ne, ni na hana ta ganinka."

Shekara shida Baba ya yi da wannan magana a ƙirjinsa. Ya daina auna girki da tafiyar jirgi. In muna zaune mu biyu, don 'yan'uwana mata duk suna gidajensu, sai ya ajiye cokali ya ce, "Auta, me ya kai ni nuna wa yaro ɗan shekara tara wannan abu?" Yaya kuwa sau biyu ya zo a cikin shekarun nan, duk a mota, kwana ɗai-ɗai.

Da lokacin ritayar Baba ya yi, aka ba shi abin da ake ba duk ma'aikacin filin da ya gama lafiya: tikitin mutum biyu, zuwa da dawowa, kyauta. Sharaɗinsa ɗaya. Sai fasinjoji sun gama shiga, in kujera ta rage, sannan a kira ka. In ba ta rage ba, ka koma gida ka dawo gobe.

Baba Dogo ne ya kawo mana takardar har gida. Shi ne shugaban masu loda kaya, amininsa na shekara ashirin da takwas, mutum ne da in ya yi dariya sai an ji a maƙwabta. Ya ce mu tafi ranar Talata, kuma a kira Yaya a sanar da shi tukuna.

"A'a," in ji Baba. "In na gaya masa zai ce in bari ya zo da kansa, mu shekara muna jira. So nake ya buɗe ƙofa ya gan ni. Ya ga tsoho ya hau ya sauka, ba abin da ya ci shi. Sannan in roƙe shi gafara."

"Gafarar me kuma, Sarki?"

"Ka sani."

Baba Dogo ya sosa ƙeya, bai yi dariyar tasa ba.

Talata muka je da jakarmu, jirgi ya cika safe da yamma. Laraba ma haka. Muna fitowa Baba Dogo ya biyo mu har bakin titi. "Gobe kada ku wahalar da kanku," in ji shi. "Alhamis ta fi kowace rana cika. Ku bari sai Asabar."

Baba ya tsaya ya kalle shi sama da ƙasa. "Dogo, ni za ka ba labarin Alhamis? Ni da nake tsaye a ƙarshen titi? Na safen Alhamis tun a tsakiyar titi yake ɗaga hanci, don ba nauyi. Kai kaya kake ƙirgawa, ni da ido nake auna shi."

Da safe muka koma. Tun a ƙofa Baba Dogo ya tare mu, ya karɓi jakar, ya kai mu ɗakin hutun masu loda kaya, wani ɗaki mara taga a bayan ma'auni. Ya sa aka kawo shayi. Baba ya ce yana so ya fita zauren jira, ko sau ɗaya ya ga saukar jirgi ta gilashi kamar mai kuɗi.

"Haba, yau kai babban baƙo ne," in ji Baba Dogo, ya tsaya ya cika bakin ƙofa. "Ina aka taɓa barin babban baƙo cikin turereniya? Zauna in ba ka labarin ranar da akuya ta kwance a cikin kaya."

Baba ya ji daɗin wannan girmamawa, ya zauna. Muka ji jirgin ya sauka, ya duba agogo ya ce goma saura minti ashirin, daidai. Baba Dogo ya yi ta zuba, yana gumi, yana leƙen waje. Sai da zauren ya yi tsit mai tikiti ta leƙo ta ce akwai kujeru, mu taho.

Na ba Baba kujerar taga. Da jirgin ya fara gudu ya damƙe min hannu har sai da na ji zafi. Muka wuce wanda ya gaje shi, tsaye a gefen a-kori-kura, Baba ya ce, "Ya matso da yawa, zan gaya masa." Da muka huda gajimare ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo yana murmushi. "Auta, ashe nan sama ko tsuntsu ɗaya babu." Ya ƙi shan lemon da aka kawo, wai kada ya ɓata rigarsa. Sauran tafiyar leɓensa na motsi, na ɗauka addu'a yake, ashe bitar abin da zai faɗa wa Yaya yake yi. Da tayoyi suka taɓa ƙasa ya duba agogo. "Sun ƙara minti biyu. Iska ce ta gaba." Rabon da in gan shi haka tun Inna na da rai.

Adireshin yana cikin jakata. Tasi ta kai mu wani gidan bene, hawa na biyu. Matar Yaya ta buɗe ƙofa, ta dube mu, sai ta saki tsintsiyar hannunta ta durƙusa. Ta gane shi a hoto.

"Baba! Ikon Allah! Sannunku da zuwa, ku shigo, ku shigo. To ina shi? Yana ƙasa wurin mai tasi?"

"Wa?" in ji Baba.

"Abban yara mana. Ai wurinku ya tafi da safen nan. Yau ba Alhamis ɗin farkon wata ba ce?"

Baba ya yi dariya. "Kai, ashe saɓani muka yi. Allah sarki, zai sha hanya ya tarar da gida a rufe."

Ita ma ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. "Wace hanya kuma, Baba? Jirgin takwas da rabi ya bi, kamar kullum. Da yamma yana nan."

Ba wanda ya ce masa ya zauna, ya zauna. Ita ba ta lura ba, tana ta kai da kawo da ruwa da kofuna, tana bayani. Kamfaninsu na da babban ɗakin sanyi a bayan garinmu, shi ke zuwa duba injinan duk wata, motar kamfani ta ɗauke shi daga filin jirgi ta mayar da shi. Da rana kuma, in ji ta, yakan ɓalle ya je ya gaishe da Baba.

"Ko watan jiya na ba shi man shafawa na gwiwa ya kai muku. Ya ce kun ji daɗinsa."

"Na ji daɗinsa," in ji Baba. "Allah ya yi miki albarka."

Ni kam na kasa. Na ce, "Anti, shekara biyu rabon da mu sa shi a ido."

"Auta," in ji Baba, a hankali.

Ta tsaya da jug a hannu tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce, "'Yata, zauna. Ba ya jin tsoro?"

"Tsoron me, Baba?"

"Jirgin."

"Shi? Shi da barci ke ɗauke shi tun ba a tashi ba?"

"Tun yaushe yake hawa?"

"Tun kafin aurenmu. Shekara tara ke nan."

Baba ya gyaɗa kai. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Lokacin rashin lafiyar mahaifiyarsa fa?"

Ta ce, "Ina da tsohon ciki a lokacin. Na ce masa ya tafi filin jirgi, ya ce ya tambaya babu kujera."

"Litinin ba ta cika," in ji Baba.

Bai ɗaga murya ba. Ta ajiye jug ɗin a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Can ya juyo wurina ya ce, "Jirgin da ya kai shi, shi ya kawo mu. Kin ga dalilin ɗaki mara taga." Ya ƙara da cewa, "Wa ya sani ma ko kujerar da ya tashi a kai ce suka ba ni."

Ta yi girki, bai ci ba. Jikokinsa mata biyu suka dawo daga makaranta, ya ɗora su a cinya yana duba fuskokinsu, ya ce ƙaramar goshin Inna ta ɗauko. Ƙarfe huɗu da minti ashirin ya duba agogo ya ce, "Ya tashi." Biyar da rabi ya sake dubawa. "Ya sauka."

Shida ta ɗan gota muka ji taku a matakala. Baba Dogo ya riga ya tare Yaya a can ya gaya masa, don tun daga bakin ƙofa ya durƙusa, da rigar kamfani a jikinsa. Matarsa ta kwashe yaran suka shige ɗaki.

"Sannu da hanya," in ji Baba. "An sauka lafiya?"

"Lafiya, Baba."

"Ba tsuntsu a titi?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Shekara tara, duk wata. Sau nawa ke nan na share maka hanya? Kai ne mai karatu."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ban ce ka ba ni haƙuri ba. Labari nake so."

Yaya ya ba da labarin, kansa a sunkuye. Zuwansa na farko da manyansa biyu ya zo, yana sabon ma'aikaci. Ana ruwa. Jirgin na juyawa a ƙarshen titi suka hango wani mutum cikin rigar leda yana gudu yana kaɗa bulala, belbelu na tashi a gabansa. Ɗaya ya ce, dubi wani aiki don Allah. Suka yi dariya, shi ma ya yi. Da ya sauka Baba Dogo ya gan shi ya taho da murna, sai ya ja shi gefe ya roƙe shi kada ya faɗa, wai sai wani zuwan zai je gida da kansa. Wani zuwan ma da manyan ya zo. Bikin yayata kuma ya faɗo a makon da yake neman ƙarin girma, Baba ya ce ya hau jirgi, maganar injin ta zo masa a baki. Daga nan ya rasa ta inda zai warware.

"Kunyar rigata ka ji," in ji Baba. "Wannan na gane. Ni ma akwai ranar da nake jin kunyarta. Uwarka fa?"

Yaya ya fara kuka. Ya ce ranar ya fito da jaka, mai tasi ya tambaye shi, filin jirgi ko tasha. Ya ce ya yi tunanin za ta tashi, ai ta taɓa faɗuwa ta tashi. Ya ce in ya sauka a jirgi da la'asar, Baba zai gane duk abin da ya wuce ƙarya ne.

"Sai ka ce masa tasha."

"Na ce tasha."

"Jirgin yamman Litinin. Na safen Talata. Na yamman Talata ma da ka same ta da rai." Baba ya nuna yatsu uku, ya daɗe bai sauke su ba.

Ni ban yi niyyar magana ba, amma ta fito. Na ce, "Duk wucewar jirgi sai ta buɗe ido, Yaya. Ni ke goge mata baki." Bai ɗago ya dube ni ba, ni ma ban so ya ɗago ba.

Baba ya mayar da hularsa. "Da magana na zo maka. Tun Talata nake bitarta, har a cikin jirgi. Gafararka na zo nema." Ya dubi tafin hannunsa. "Yanzu ban san inda zan ajiye ta ba."

Washegari Yaya ya fito da tikiti biyu da ya saya, na gaba, inda manya ke zama. Baba ko taɓa su bai yi ba. Ya ce a kai mu tasha.

"Baba, kwana biyu ne fa. Ƙafarka."

"Na san ko kwana nawa ne. Ba zan sauka a filin nan ba, suna jere suna leƙen fuskata."

Matar Yaya ce ta raka mu, ita ta saya mana ruwa da burodi, idonta a kumbure. A bakin mota ta durƙusa ta ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Ya ce ya sani, ta riƙa kiransa da wayarta.

Hanyar ba abin da zan ce da ita sai dai ta yi tsawo. Abin da na riƙe shi ne Baba ya yi barci, kansa a kafaɗata, bakinsa a buɗe, duk da ramukan. Irin barcin da ban ga ya yi ba tun rasuwar Inna. Ko gajiya ce, ko kuwa kayan da ya sauke ne, ban tambaye shi ba.

Kwana uku da dawowarmu Baba Dogo ya yi sallama. Baba na zaune a benci a ƙofar gida yana yanke farce. Bai matsa masa ba, sai Baba Dogo ya tsuguna a ƙasa, duk tsawonsa. Ina daga cikin soro ina jinsu.

"Sarki, mun yi ne don kada ranka ya ɓaci."

"Ku nawa?"

"Sarki..."

"Ku nawa, Dogo?"

"Masu kaya. Masu tikiti. Masu shara. 'Yan hasumiya ma sun sani."

"Wato ni kaɗai da belbelu." Ya karkaɗe rigarsa. "Abincin da kake kawo min can ƙarshen titi sau ɗaya a wata, ka ce in huta da tahowa cikin rana. Ranar Alhamis ce, ko? Na dawo gida na ce wa uwar yaran nan, ni dai ban da ɗan'uwa kamar Dogo. Ashe gadina kake yi."

"Wallahi ba haka ba ne."

"Ranar Litinin ɗin nan ka zo asibiti. Ka zauna kusa da ni."

"Na kira shi, Sarki. Na rantse da Allah na fita na kira shi, ya ce ya riga ya shiga mota."

"Na yarda. Ni fa? Shekara shida kana ji ina cewa ni na hana ta ganinsa. A ɗakinku na faɗa, a motata na faɗa, a kan bencin nan na faɗa. Kalma ɗaya, Dogo. Ka ce, Sarki, ba kai ba ne."

Baba Dogo ya ce, "Na ga in na cire maka wannan, wadda zan sa maka ta fi ta nauyi."

"Sai ka zaɓar min." Baba ya ninke abin yankan farcen ya sa a aljihu. "Shi ɗana ne. Ko na so ko ban so ba, wata rana zan yafe masa, ba ni na zaɓe shi ba. Kai kuwa da kaina na zaɓe ka. Ka gaida gida."

Walimar sallamar da suka shirya masa a filin jirgi bai je ba. Sun aiko da agogon bango da takardar yabo a cikin gilashi, suna nan a ƙarƙashin gadona, bai ce a rataye ba, bai ce a mayar ba. Yanzu yana kiwon 'yan awaki a bayan gida, yana zuwa asibiti duba gwiwa, yana faɗa da maƙwabta a kan kwata. Yaya yana zuwa duk Alhamis ɗin farkon wata da azahar, ya zauna a tabarma. Baba yana amsa gaisuwarsa, ya tambayi yara, wani lokaci har ya ci abin da ya kawo. Ni nakan ajiye masa ruwa in koma ɗaki. Yayyena sun ce in sassauta, tunda mai abin ma ya fara sassautawa. Na ce su ba su riƙe wa Inna kai ba.

Watan da ya wuce aka zo aka ce Baba Dogo na kwance, akwati ya faɗo masa a ƙugu. Baba ya tashi da sauri ya sa hula ya ɗauki sanda, har ya kai bakin ƙofa. Ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya dawo ya zauna, ya jingine sandar.

"Auta, je ki duba shi. Ki tsaya ki ga ko suna da mai kai shi asibiti."

Na ɗauki mayafi. Na ce, "In ya tambaye ka fa? In ce ƙafar ce ta hana ka?"

"Kada ki yi masa ƙarya," in ji shi. "Ki ce ina nan lafiya lau. Ban zo ba ne."